Yayanmu, Wanda Aka Hana Kwana a Waje

Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma, ga shi Yaya ya riga mu zuwa.

Ranar da aka kawo shi daga Sakkwato, kafin a idar da la'asar zauren gidanmu ya cika, har sai da aka aro tabarmin masallaci aka shimfiɗa a gindin dogonyaro. Ni ina ciki wurin mata, amma katangarmu gajera ce, kuma ni Allah bai ba ni karatu mai nisa ba, kunne Ya ba ni. Na ji malaman sakandaren da Yaya ya koyar suna cewa an yi rashin malamin kimiyya. Na ji wani mai kabu-kabu yana ba da labarin yadda Yaya ya sa shi ya keto ruwan sama daga Kebbe zuwa nan Tambuwal, wai don kada dare ya riske su a can. Wata tsohuwa da ta zo daga Jabo ta tambaya ko shi ne likitan nan da ake faɗi. Aka ce mata dakta ne, amma ba na allura ba. Ta ce, “To na mi?” Mata suka kalli juna.

Kawunmu na Kebbe, ƙanen mahaifiyarmu, mutum ne da ko a wurin makoki sai ya sa an murmusa. Ranar bai sa ba. Ya zauna ya jingina sandarsa a kafaɗa, na ji muryarsa ta haure katanga yana cewa, “Yaron ga mu munka ɗaure shi. Da igiyar gida munka ɗaure shi, shi ko bai taɓa cizon igiyar ba.” Ba wanda ya ce masa a'a.

Ita kuwa Inna, wadda ta haife mu, tana zaune a tsakiyar mata a kan tabarmarta, tana duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya, tana murmushi. Ta ja ni da gefen zane ta ce, “Ke, bikin wa aka yi? Ni ba a ba ni goro ba.” Tsufa ya tafi da hankalinta. Na kawo mata goro.

Ni ce autar ɗakinmu. Firamare kawai na yi, rubutuna ma ba shi da kyau, amma na ce sai na rubuta wannan, don tambayar tsohuwar nan ta Jabo ta tsaya mini a rai. Na san amsarta. Yaya da bakinsa ya ba ni, a bakin murhu.

Sai dai kafin nan dole in faɗi yadda suke da Inna, in ba haka ba ba za a gane komai ba.

Yaya ɗan fari ne. Inna kuma ta taso a Kebbe cikin dangin da suka haɗa jini da Fulani, inda kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. “Wancan” take ce masa. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya shigo gaisuwa da safe ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta ja mayafi ta juya wajen bango, ta amsa wa bangon. Duk abin da take son ya ji, ni take aika. Suna tsakar gida ɗaya, kowa na jin numfashin kowa, amma sai ta ce, “Ke, ki ce ma wancan tuwonai na sanyi.” In juya in ce, “Yaya, wai tuwonka na sanyi.” Shi kuma ya ce, “Ki ce ma Inna na ji.” In juya in ce, “Inna, wai ya ji.” Baƙi kan yi dariya. Mu ba ma yi, haka muka tashi muka gani. Amma ni na san wanda take ɗebe wa naman da ya fi taushi ta ɓoye ƙarƙashin miya.

Yaya ya yi karatu har ya wuce inda muke iya bin sa da tunani. Daga Sakkwato sai gaba, daga gaba sai ƙasar Turawa, ya zama mai haɗa sinadarai a wani ɗakin bincike. Yana zuwa jefi-jefi, ya kawo mana turare da takalman da ba su dace da ƙurar unguwarmu ba. Yana can ne mai bi masa, ɗayan yayan nawa, ya tafi ci-rani kurmi, ciwo ya kama shi, ya rasu a hannun mutanen da ba mu sani ba. Sai labari aka kawo mana da jakarsa. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba, amma daga ranar ta daina cin goro na tsawon lokaci, ta rage magana. Ba a jima sosai ba Baba ma ya rasu. Yaya ya zo ta'aziyya da 'yar ƙaramar jaka, da niyyar ya yi sadakar bakwai ya koma.

Washegarin bakwai da hantsi, yana zaure yana ɗaure jakar, Inna ta kira ni. Ta juya wajen bango, ko da yake ba ya ɗakin. Ta ce, “Ki ce ma wancan, an binne min guda ban ga kabarinai ba. In ya sake kwana wajen gidan ga ina da rai, ban yafe mai ba.”

Na ce, “Inna, aikinai fa?”

Ta ce, “Aike na yi ki, ban ce ki ba ni shawara ba.”

Na fita zaure. Na faɗa masa kamar yadda ta faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba, don Yaya ya san ni, in na ɗauko magana da wasalinta nake kawowa. Ya daɗe yana kallon igiyar jakar. Sai ya ce, “Ki ce ma Inna na ji.” Ya kwance jakar.

Duk mun ɗauka zafin rasuwa ne, wata biyu wata uku za ta huce. Shi ma haka ya ɗauka. Ya roƙi wurin aikinsa su ƙara masa hutu, suka ƙara, suka sake ƙarawa, har suka gaji. Matarsa da 'ya'yansa suka tattaro suka dawo. Ya nemi koyarwa a sakandare don kada ya zauna haka. Shekara goma sha wani abu ke nan, kuma a cikinsu duka bai kwana ko sau ɗaya a wajen gidanmu ba. In zai je Sakkwato, motar farko yake bi, ya dawo kafin magariba. In an yi rasuwa a Sanyinna ko biki a Kebbe, yana cin abinci yana duban rana. Abokansa suka sa masa suna “amarya”, su ce, “A bar amarya ta koma ɗaki.” Ya yi dariya ya ce, “Ku dai ku ba ni hanya.” Allah ya taimake shi ya sauke farali tun yana can waje, da hajji ma sai dai ya ji a bakin mutane.

Lokacin da maigidana ya rasu, Yaya ya hana a bar ni a gidan miji. Ya gyara mini ɗakin da ke kusa da na Inna, a nan na yi takaba. Kullum in ya taso daga makaranta, sai ya jawo kujerar tsuguno ya zauna a bakin madafa, ya ce, “Auta, yanzu mu biyu ne 'yan tsare. Ke dai taki na da ranar fita.” Ya lura in aka bar ni shiru kuka nake yi, sai ya riƙa cika mini kunne da labarin aikinsa. A nan na samu amsar da na ce ina da ita.

Wata rana ina tace gasara ya karɓi matacin ya duba ya ce bai yi ba, in sake. Haka yake, ko kofin shayi sai ya ɗauraye shi ya ɗaga wa rana ya duba kafin ya zuba. Na ce, “Kai da ba ka taɓa dama koko ba?” Ya ce, “Ni rabin rayuwata tata nika yi.” Sai ya fara.

Ya ce jikin mutum 'yan ɗakuna ne ƙanana da ido ba ya gani, su ake kira ƙwayoyin halitta. Kowace tana da abin da ke riƙe ta daga ciki, ba ƙashi mai tauri ba, wani zare ne da suke kira aktin. Ya ce, “Kin ga Fulani in za su tashi? A kwance bukka nan, a ɗauki itacen, a kafa can gaba. To haka ƙwayar ga taka tafiya. Tana kwance zarenta ta baya, tana ɗaurawa ta gaba, sai ki ga ta ja jiki.” Ya ce akwai maginan da ke wannan aiki, furotin sunansu, kowa da hannunsa: wani ya fara zaren, wani ya ƙara masa tsawo, wani ya fitar masa da reshe, wani ya tsinke tsohon. Ƙwayar ciwon daji da waɗannan maginan take barin inda ta tsiro ta shiga hanta ko huhu, kuma tafiyar nan tata ita ta fi kashe mutane.

Na ce, “To kai mi kaka yi musu?”

Ya ce shi aikinsa ya haɗa ɗan ƙanƙanin abu wanda zai shige hannun magini ɗaya ya maƙale, kamar tsakuwa a ramin kwaɗo, mabuɗi ya kasa juyawa. Ya ce a tukunyar gilashi ake dafa shi, ana juyawa, wani lokaci yini guda. Sai a zuba ta cikin dogon bututu cike da farin gari kamar yashi, yana sauka ɗigo-ɗigo, mai kyau daban, dauɗa daban. A busar. Abin da zai rage bai cika bakin cokali ba. A kai wa masu madubin ƙara girma su zuba wa ƙwayoyin su gani. Galibi ba abin da ke faruwa. Sai ka dawo ka canza ɗan reshe ɗaya a jikin abin, ka sake ɗora tukunya.

Na ce, “Ashe kai ma girki kaka yi, ana maishe ma da kwano.”

Ya yi dariya har da tari. Ya ce wahalar ba a tsayar da magini take ba, wannan an daɗe da iyawa. Wahalar ita ce maginan 'yan gida ɗaya ne, kamarsu ɗaya, abin da ya kama wannan sai ya kama 'yan'uwansa. Ga shi kuma da zaren nan zuciya ke aiki, da shi sojojin jini ke bin cuta, da shi rauni ke haɗewa. In ka tsayar da kowa, ka kashe mai ciwon kafin ciwon ya kashe shi. Ya ce kafin ya taho ya samu guda da ya kama maginin da yake nema ya ƙyale sauran, sai dai ba ya narkewa a ruwa yadda ake so. Ya ce yana jin ya san kusurwar da zai taɓa a jikin abin ya gyaru. Ya bar shi a 'yar kwalba cikin firji, ya ce wa abokan aikinsa mako biyu zai yi.

“Saura kusurwa guda, Auta,” in ji shi. Wannan maganar na ji ta a bakinsa har ban san adadi ba. In yana alwala wani lokaci sai in ga ya tsaya da buta a hannu yana zana wani abu mai kusurwoyi a jiƙaƙƙiyar ƙasa da yatsa, ya kalla, ya shafe.

Akwai ranar da wata abokiyar aikinsa ta can ta turo masa hoton bidiyo a waya. Ya kira ni da sauri kamar an yi haihuwa. Na ga wani abu fari-fari kamar ɗanyen ƙwai a kasko, yana miƙa baki yana jan jiki. Sai aka ɗiga masa wani abu, bakin ya lafa, ya tsaya cik. Ya ce, “Nawa ne. Na firjin nan ne.” Ya maimaita kallon har wayar ta mutu. Matar ta ce masa in zai iya zuwa ko na wata shida ne, za su nema masa wuri.

Wannan karon har Kawu aka ɗauko daga Kebbe. Ya shiga wurin Inna, yayarsa, da barkwancinsa, ya ce, “Yaya, kin tsare mutum awa kaza mai kwanci. Ki bar shi ya tafi ya gama, ga waya, ga jirgi, ba kurmi za shi ba.” Ta ce, “Ɗayan ma da ya tafi kurmi ce min anka yi ga mota.” Liman ya zo ya yi mata nasiha ta bayan labule, ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya saka da alheri, a kai wa Malam fura. Shi ma Yaya, Liman ya gaya masa cewa addini bai ɗora masa wannan nauyin haka ba. Yaya ya ce, “Na sani, Malam. Amma in na tafi tana kwana da ni a rai, hannuna ba ya tsayawa wurin awo.” Aka bar maganar. Wurin da aka nema masa aka ba wani.

Daga baya hankalin Inna ya fara zamewa. Da farko sallah take maimaitawa, sai ta fara neman Baba ta kai masa ruwan wanka. Wata safiya Yaya ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, sai ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, ta kira sunansa. Sunan yanka, ɓaro-ɓaro. Ni kwanon da ke hannuna sai da ya faɗi. Ta ce, “Zo nan mana, mi kaka yi can bakin ƙofa awa baƙo?” Ya matso da gwiwa. Ta shafa kansa, furfura da komai, ta ce ya rame, ta gutsuro ƙosai ta sa masa a baki. Mutum ya haura sittin bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Ya tauna ƙosan nan hawaye na bin gemunsa.

Daga ranar kunya ta tafi tare da hankalin. Ta riƙa kwala masa kira daga ɗaki har ana ji a zaure. Ni kuwa sai na ga dama ta samu. Wata rana suna zaune na ce, “Inna, wai Yaya na son ya koma wurin aikinai.” Ta ce, “Ya tafi mana! Wa ya riƙe shi? Tafi abinka, ɗana, ka sawo min alewa.” Na yi guɗa. Na ce, “Yaya, ka ji da kunnenka!”

Muka fito. A bakin rijiya ya ce, “Wagga ba Inna ta ba.”

Na ce, “Wace ce in ba Inna ba? Aljana?”

Ya ce, “Innar da ta ɗaure ni ba ta kallon fuskata. Wagga ba ta san ta ɗaure ni ba, ƙaƙa za ta kwance abin da ba ta san da shi ba? In na karɓi wannan na yi mata sata tana barci.”

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce taurin kai ne, ba biyayya ba. Na ce ko dai tsoro yake ji ya koma ya tarar yara sun wuce shi. Wannan ta shige shi, na gani a fuskarsa. Ya ce, “Wataƙila da wannan ma. Amma ke kika kawo min saƙon, Auta. Ranar da ta juya ma bango ta aiko ki, ko ina kan sallaya ki faɗa min.” Muka yi kwanaki ba ma hira, gaisuwa kawai. Shi ya fara saukowa. Ya zo bakin madafa ya ɗaga matacina ya ce har yanzu ban iya tata ba.

Ciwon suga ya daɗe a jikinsa. Bara bayan girbi ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa, wurin ya ƙi warkewa, ya zama gyambo. Ma'aikacin asibiti na zuwa gida yana wanke masa. Wata rana ina riƙe da kwanon ruwan zafi ya leƙa ramin ya ce, “Kin ga maginan nan da nika ba ki labari? Su ya kamata su taso daga wannan gefe da wancan su haɗu a tsakiya. Na ƙare ƙuruciyata ina neman abin da za ya tsai da su, yau ga ni ina roƙonsu su taka.” Ya yi dariya. Ni ban yi ba, don wurin ya fara wari.

Likitan garinmu ya ce sai an kwantar da shi. Ya ce a yi masa abin da za a yi da rana, ya koma gida. Da ƙafar ta fara baƙi aka ce sai Sakkwato, sai an yi aiki, kuma kwanaki zai yi. Matarsa ta yi kuka, 'ya'yansa suka yi ta waya, Kawu ya ce a ɗaure shi a sa a mota. Liman ya ce yanzu kam tafiyar ta zama wajibi. Yaya ya ce a ba shi lokaci. Kowa ya san lokacin me yake jira, kuma kowa ya san ba ya zuwa. Ɗakinsa na wannan gefen tsakar gida, na Inna na wancan. Tana kiran sunansa tana cewa ya zo ya ci ƙosai, shi kuma ba ya iya takawa. Ni ina tsakiya, ina kai ruwa nan, ina kai koko can.

Ranar wata Laraba da hantsi ina taje wa Inna kai. Warin maganin wanke ciwo ya shigo da iska. Sai na ji wuyanta ya yi tauri a hannuna. Ta ce, “Wa ab ba lafiya gidan ga?” Muryar ce ta fara ba ni tsoro, don tsohuwar muryarta ce, mai kaifi. Na ce, “Yaya ne, Inna. Ƙafa.” Sai ta laluba ta jawo mayafinta ta rufe kai, ta juya wajen bango.

Na ajiye matajin.

Ta ce, “An kai wancan asibiti?”

Na ce, “Ya ƙi, Inna. Sai an kwana can, ke kuma kin ce kada ya kwana waje.”

Ta daɗe tana kallon bangon. Ta ce, “Har yau?”

Na ce, “Har yau.”

Ta ce, “Abin da yaka haɗawa can, ya gama?”

Na ce, “Bai gama ba.”

Na ga kafaɗunta sun motsa a ƙarƙashin mayafin. Ta ce, “Ki ce ma wancan ya tafi. Ya kwana inda kwana ya kama shi. Na yafe mai, duniya da lahira. Ki ce shi ma...” Ba ta ƙarasa ba. Ta ce, “Tafi mana, mi kika tsayawa kallo?”

Ban san yadda na ƙetare tsakar gidan nan ba, ko takalmi ban sa ba. Na tarar da shi a jingine, zazzaɓi ya jiƙa masa riga. Na faɗa masa kamar yadda ta faɗa, har inda ta yanke.

Ya ce, “Ta kira sunana?”

Na ce, “A'a. Wancan ta ce.”

“Ina taka kallo?”

“Bango.”

Ya rufe ido. Ya ce, “To Inna ta.” Sai ya ce wa matarsa ta ɗauko masa jakar nan ƙarama da ke saman kabad.

Kafin azahar an samo mota. Maza suka ɗauko shi a kan kujera. Da aka zo daidai ƙofar Inna ya ce a sauke shi. Ba ya iya durƙusawa, sai ya sunkuyar da kai. Labule a sake yake. Ya dube ni ya ce, “Ki ce ma Inna na ji. Ki ce mata babu abin da za ni yafe, ba ta yi min komi ba. Ki ce na tafi.”

Na ce to. Amma na bi su har zaure tukuna, na riƙe masa jakar, na ga an gyara masa ƙafar a kujerar baya. Ya sa aka sauke gilashi. Motar ta ɗaga, na tsaya har ta sha kwana ta hau titin Sakkwato. Ba wani jimawa na yi ba, wallahi. Da na dawo na ɗaga labulen, mayafin na ƙasa, Inna na wasa da matajin, tana kwala kiran sunansa. Na durƙusa na ce, “Inna, wai ya ji. Wai ya tafi.” Ta ce, “Wa?”

An yi masa aikin, amma dafin ciwon ya riga ya shiga jini. Matarsa ta ce daren farko ya yi barci kamar jariri, da safe ya tambayi wata ma'aikaciya ko asibitin na da ɗakin gwaje-gwaje, ko za a tura shi a keke ya leƙa. Aka ce sai ya ji sauƙi. Bai cika mako ba.

To ga amsar tsohuwar Jabo, in akwai mai kai mata. Dakta ne na wani ɗan abu da ya rage saura kusurwa guda. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa biyayyar nan ta tarbe shi a can. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ya sa Inna.

Ita har yau ba ta san ya rasu ba. Mun faɗa mata, ta ce Allah sarki, ɗan wa? Kullum da safe ina kai mata koko, in zauna in taje mata kai, in ajiye mayafinta kusa da hannunta inda za ta iya jawowa. Ba na zuwa biki, ba na zuwa kasuwa, ko maƙwabta in na leƙa a tsaye nake gaisawa. Kawu ya ce in zo Kebbe in huta kwana biyu, na ce masa ba yanzu ba. An aike ni, ban isar ba. Ina jiran ta juya wa bango.